Awa Biyu da Kwata

Agogon farko da na saya a duniya matacce ne, kuma sai da na kwana uku ina yawo da shi a hannu kafin in gane. A tashar Kura na saye shi, wurin wani mutum mai farar riga da ya ce sauri yake yi, motarsa za ta tashi. Ya kara mini shi a kunne, na ji ƙas-ƙas-ƙas, na juye masa kuɗin tunkiyar da na shekara ina kiwo. Ban iya duba lokaci ba a sannan, amma hakan bai hana ni naɗe hannun riga ba. Wani tela ya karanta mini sau ɗaya, ya ce ƙarfe huɗu da minti goma, ni kuwa na riƙe. Duk wanda ya tambaye ni, da hantsi ne ko da almuru, sai in ɗaga hannu, in ɗan yamutsa fuska kamar mai lissafi, in ce huɗu da minti goma. A rana ta uku liman ya tambaye ni muna fitowa daga sallar asuba, na ba shi amsar da na saba. Ya dube ni, ya ce, "Ɗanlami, Allah ya ba agogonka lafiya, ya haɗa da kai."

Ku yaran yanzu da kuke ganin sana'ar ba ta wuce a buɗe baya a canja batir ba, da wannan wautar na fara. Na ɗauki gawar agogon na tafi birni, aka nuna mini rumfar wani dattijo mai gyara, Malam Tanko. Bai ma buɗe ba. Sansanawa ya yi, ya ce kananzir aka ɗiga masa, kuma ko agogon da ya shekara goma a mace, in ka ɗiga masa kananzir zai yi tafiyar da ta isa mai shi ya shiga mota. Na ce to ya koya mini yadda ake ganewa. Ya ce, "Ka iya zama shiru?" Na ce na iya. Ƙaryata ta farko ke nan a sana'a.

Shekara huɗu na yi a rumfarsa, kuma a ta farko bai bar ni na taɓa sukundireba ba. Kayan aikinsa duk ba su cika gwangwanin alewa ba: gilashin da ake maƙalawa a ido, hantsaki biyu, 'yar wuƙar buɗe baya, gashin kaza na share ƙura, fetur a 'yar kwalba, da kofin gilashi da yake kifewa a kan agogon da ya buɗe don kada iska ta kai masa datti. Sai wani kwanon sha na ƙarfe da ya fi ji da shi fiye da duka. Kifa shi yake yi, ya ɗora agogo a bisa, sai kukan ya fito fili kamar an sa masa lasifika. Aikina ke nan daga safe zuwa la'asar: in saurara, in faɗa masa abin da na ji. Lafiyayyen agogo takunsa biyu daidai suke, ba wanda ya fi wani nauyi. Wanda ya sha faɗuwa ɗingishi yake yi. Akwai kuma munafuki, wanda in ka kwantar da shi rigingine sai ya yi ta tafiya kamar ba shi ba, kana juya shi gefe ya sume. Don haka ba a sayen tsohon agogo sai an ji shi a kwance, a kife, da kuma ta gefe. In na yi kuskure, Malam Tanko ba ya duka. Ce mini yake, "Ƙarfe nawa, Ɗanlami?" Maƙwabtan rumfa, da duk sun san labarin, su amsa masa gaba ɗaya: huɗu da minti goma.

Wata rana wani ɗan kasuwa ya kawo masa agogo mai ruwan zinariya, yana ta rantsuwa ɗan Siwis ne. Malam ya miƙo mini ya ce in duba fuskar da gilashi. Ni karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, wata shida, kuma rabinsa barci na yi. Na ce ban iya Turanci ba. Ya ce ba karantawa ya sa ni ba, dubawa. Na duba. Harufan na gaske sirara ne, tsayinsu ɗaya, a jere kamar an ja musu igiya. Waɗannan kuwa wani ƙafarsa ta kumbura, wani ya jingina da ɗan'uwansa. Da hannu aka sake rubuta su. Ya sa na duba kusurwoyin da maɗauri ke shiga, inda gumi ke fara cin ruwan zinariya, na ga jan ƙarfe ya leƙo. Ya sa na auna shi a tafin hannu, ba nauyi. Da aka buɗe, injin ciki bai cika gidan ba, da takardar sigari aka tokare shi. Tun daga ranar, da na ga harafi a fuskar agogo, ƙafafunsa nake fara duba.

Na komo gida daidai lokacin da ake haƙa kanal a wajenmu, katafila na ta ture ƙasa tsakanin Kura da Bunkure. Da can wa ya damu da agogo a ƙauye? Inuwa ta ishe mu, da ladan. Amma da ruwan kanal ya zo, sai ya zo da ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. In aka ce layinku ƙarfe tara za a buɗe masa ruwa, ka zo goma, alkamarka ta sha haƙuri. Nan da nan manomi ya koma neman agogo, lebura na so, direban tarakta na so, mai tsaron ƙofar ruwa ma dole. Sabo tsada, sai kowa ya koma ga tsoho. Na kafa teburina, ran kasuwar Kura ina Kura, ran ta Bunkure ina Bunkure, ina saye, ina gyarawa, ina sayarwa.

Ruwan nan shi ya ba ni abinci, shi kuma ya fi kashe mini kaya. Mutum zai tsoma hannu har kafaɗa yana tayar da tiyon ban ruwa, agogo na ɗaure. Bayan sati ya kawo mini zai sayar, ya ce matarsa ce ba ta son launin. Ba na musu. Gindin kunnen da ake wanawa nake duba, in na ga tsanwa-tsanwa, ko na kara shi a rana na ga gumi ya taru a ƙarƙashin gilashi, na san ya yi wanka. Wani manomin tumatir daga wajen Madobi kuma, da nasa ya fara nauyin tafiya, man gyaɗa ya zuba masa. Ina buɗewa kiyashi suka fito a layi. Ya ce wallahi ba da su ya saya ba.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne maganar duwatsu. A fuskar agogon kirki ana rubuta cewa yana da duwatsu goma sha bakwai, ko ashirin da ɗaya. Wasu 'yan jajaye ne, ba su kai ƙwayar gero ba, a kansu ƙafafun injin ke juyawa don kada su cinye. Ko an cire su ba mai saye. Amma labari ya bazu kaf ƙauyuka cewa lu'ulu'u ne, kuma masu gyara sace su suke yi. Sai mutum ya kawo maka agogo ka saya, ya ce amma kada ka buɗe. In ka matsa, ya tsaya a kanka, numfashinsa na shiga cikin injin.

Shekarar farin nan da ruwan sama ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ban taɓa ganin agogo da yawa irin na lokacin ba. Kowa sayarwa yake yi, ba mai saye sai ma'aikatan kanal masu albashi. Mai saye a irin wannan shekara sarki ne. Akwai abin da muke kira kushe: ka karɓi kaya, ka taɓe baki, ka lissafo masa ciwo bakwai tun kafin a yi maganar kuɗi. Na iya kushe. Ina jin da ana ba da lambar yabo a kansa da na samu.

A kasuwar Bunkure, cikin wannan shekara, wata dattijuwar Bafulatana ta sauke ƙwaryarta a gaban teburina. Na san ta da ido, Inna Dije, rugarsu na bayan sabon kanal, nono take kawowa. Ranar ƙwaryar ba nono. Ta ɗaga faifai, ta zaro wani ƙullin tsumma, ta kwance, ta kwance, har na fara tunanin tsumman ne na sayarwa.

"Kaɗo, an ce kana sayen wannan."

"Ina saye, Inna, in na saye ne."

"Shanu biyu suka rage mini. Ba sa iya tashi sai an ɗaga su. Dusa nake so in saya musu, da angurya."

Na karɓa. Gilashin ya yi dishi-dishi don karce, maɗaurin fatar ya tsage an ɗinke shi da zaren kaba. Amma yana sauka a tafin hannuna na ji nauyin da ban ji ba tun rumfar Malam Tanko. Farin ƙarfe ne, ba ruwan komai a jikinsa. Na maƙala gilashi: harufa sirara, a tsaye. Na kifa kwano na ɗora shi. A kwance, a kife, ta gefe, taku ɗaya, kamar mai tafiya masallaci da sauran lokaci. Cikina ya ce, Ɗanlami, ka tsinci abin shekara. Bakina kuwa ya kama aikinsa.

"Kai, Inna. Gilashi ya mutu. Maɗauri ya mutu. Ya tsufa ƙwarai. Ga shi ma ba ya riƙe lokaci, dubi, yanzu sha ɗaya, shi yana ɗaya da kwata. Bari in daidaita shi mu gani ko..."

Na kai farce zan ja kunnen. Ban san tsohuwa na da irin wannan saurin ba. Ta cafke wuyan hannuna da hannun da ya saba riƙe ɗan maraƙi, sai da hantsakina ya faɗi.

"Kada ka taɓa."

"Inna, gyara zan yi."

"Ba a ɓace yake ba. Lokacin inda yake kwance ke nan."

Ba ta faɗi sunansa ba, Bafulatana ba ta kama sunan miji. "Shi" kawai take cewa. Shi ya sayar da bijimai ya tafi aikin hajji, ba hajjin da ya wuce ba, na gabansa. A can ya sayi agogon, a can kuma ya rasu, bayan an sauko daga Arfa. Abokin tafiyarsa ya kwance agogon, ya riƙa wana shi a hanya, ya kawo mata yana tafiya, ya nuna mata yadda ake yi. Tun ranar, kullum ta idar da sallar asuba sai ta wana shi kafin ta tafi tatsa. Bai taɓa tsayawa ba.

Ni da kowace shekara alhazai ke kawo mini agogo in mayar musu lokacin gida, na san Makka ta riga mu da awa biyu. Kwaɗayi ne ya toshe mini kai. Na sake lissafi: awa biyu ta Makka ce. Kwatar nan ita kaɗai ce kuskurensa, a shekara ɗaya da watanni, a cikin ƙwarya, a ruga, ba mai daidaita shi. Ku riƙe wannan, don babu gwajin da ya fi shi. Jabu a sati ɗaya yake zubar da kwata.

Duk da haka na ce sai na buɗe, don ba na sayen abin da ban ga cikinsa ba.

"Ka kwashe duwatsun?"

"Ke za ki riƙe gilashin, Inna. Ki ƙirga kayanki."

Na buɗe a hankali, yana tafiya. Ciki fes, ba tsatsa, ba sawun sukundireban kowa a kan ƙusoshin, sunan da ke fuska shi ne a jikin injin. Na maƙala mata gilashin a ido, ta sunkuya, leɓenta na motsi kamar tana ƙirga garke da yamma.

"Nawa ka ce an rubuta?"

"Goma sha bakwai."

"Bakwai na gani. Kaɗo, har ka fara?"

"Sauran suna ƙasa, Inna, sun shiga inuwa."

Ta daɗe tana kallon 'yar ƙafar nan mai kai da komo, wadda muke ce wa zuciya. Sannan ta miƙo mini gilashin, ta ce in rufe, iska na shigarsa.

Na rufe. Na ce mata duk abin da na faɗa da fari ta zubar, ban da maganar gilashi da maɗauri, kuma waɗannan ba komai ba ne. Na gaya mata agogon na gaske ne, ban taɓa riƙe kamarsa ba, na faɗa mata abin da zai yi a birni. Na juye mata jarina kaf, bai kai ba, na tura aka kira mai sayen kekuna ya ɗauki kekena. A ƙasa na koma Kura ran nan, da tebur a ka, mutane na tambayata ko an yi mini fashi.

Kafin ta tafi ta ce, "Wanda zai saya, ka ce masa ya bar lokacin yadda yake."

Na ce, "To." Irin "to" ɗin 'yan kasuwa, wadda ba ta da nauyin komai. Wa zai sayi agogo ya bar shi yana nuna masa la'asar da azahar?

Na sa masa sabon gilashi da maɗauri. Ko sati biyu ba a yi ba wani direban katafila, mutumin Kumbotso, mai son ado, ya gan shi. Ya ɗaura, ya juya hannu a rana, ya yi tayin da ya isa keke biyu. Na ce ya kawo. Sai ya duba nasa tsohon, ya duba wannan, ya kai farce ga kunnen. Ban san lokacin da na kama masa hannu ba.

"Lafiya, mai agogo?"

"Yallaɓai, gaskiya ba zan cuce ka ba. Yana da ciwo. Tsayawa yake yi."

"Yanzu ka gama rantsuwa ba kamarsa."

"Yanzu na tuna."

Na yi shekaru ina kushe kayan mutane, ranar na kushe nawa. Ya kwance ya ajiye, ya ce masu agogo duk akwai motsi a kansu. Matata ma da na ba ta labari abin da ta ce ke nan, sai dai ita ta ƙara da tambayar ina keke.

Cikin shanun Inna biyu, ɗaya ta mutu, ɗaya ta tashi. Da damina ta dawo, nono ya dawo cikin ƙwaryar Inna Dije. Kowace kasuwar Bunkure sai ta zo wajen hantsi, ta ajiye mini ludayi biyu, ta zauna a gefen tebur. Ba ta taɓa tambayar me ya sa ban sayar ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. In zaro shi daga akwati in ba ta, ta kara a kunne. A yadin ma'aikatan kanal akwai wani tsohon ƙarfen taya da ake bugawa sha biyu daidai don lebura su tashi cin abinci, ana jin sa har kasuwa. In an buga, sai ta duba fuskar agogon, ta gyaɗa kai, ta miƙo mini, ta ɗauki ƙwaryarta. Ni kuma kullum bayan asuba in wana shi. Na ɗauka aiki ne mai sauƙi.

Bikin wani abokina ya taso a Dawakin Kudu. Na ce kwana ɗaya zan yi, na wana agogon sosai, na kulle shi a akwati don tsoron 'yan sane. Irinsa yana kwana biyu ba a wana ba, da ƙyar. To, an yanka sa a bikin nan, kuma ni mutum ne da ba ya iya barin tukunya da saura. Kwana uku na yi. Na dawo na buɗe akwati, na ɗora shi a kan kwano, shiru.

Na wana shi, ya tashi nan take kamar ba abin da ya faru. Na kunna rediyo na jira aka faɗi lokaci, na ja kunnen da ba a taɓa ja ba tun Makka, na ƙara awa biyu cif, ko daƙiƙa ban bari ba. Har na yaba wa kaina. Tsohuwar da ba ta san ɗaya ba, ba ta san biyu a rubuce ba, ina za ta gane? Kwatar nan kuwa ko tuna ta ban yi ba. Hannun mai gyara ya saba da daidai, in ka sake shi daidai zai yi.

Ran kasuwa ta zo, ta ajiye nono, ta karɓa, ta kara a kunne. Na shiga goge wani agogon da ba ya bukatar guga. Aka buga ƙarfen sha biyu. Ta duba. Kullum in an buga, dogon hannun a kwance yake ta dama. Ran nan yana tsaye ƙyam, yana kallon sama.

Ta daɗe tana dubansa. Na buɗe baki zan ce ma'aikatan ne suka yi saurin bugawa, har na shirya rantsuwar da zan ɗora a kai. Ta sa bakin zanenta ta goge gilashin, ta ajiye shi a kan kwanon da kanta, a hankali, ta ɗora faifai a kan ƙwarya.

"Ya samu ya huta, ko, Kaɗo?" ta ce. "Gara da ya zo hannunka. Ni na kasa barinsa."